Idan Tsohuwar Mota Ta Fara Fizga: Yadda Nake Bin Sawun Matsalar

Motata mai silinda huɗu ce, ƙirar 1998, kuma ta haura kilomita 300,000 kafin ta fara abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Da safe in na tashe ta, lafiya lau. Sai mun yi tafiyar kamar minti 20, injin ya ɗauki zafi, in na zo hawa tudu a giya ta huɗu na ƙara taka totur, sai ta fizga ta saki, ta fizga ta saki, kamar ana janta da igiya. Da na sauko giya ta uku, sai ta daina. Wata biyu na yi ina fama. A cikin wata biyun nan na canza famfon mai, na canza filta, an wanke min nozul masu fesa wa silinda mai, duk ba a taɓa inda ciwon yake ba. Abin da ya warkar da ita a ƙarshe shi ne canza wayar fulogi guda ɗaya da ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Alamomin kuwa suna nan tun ranar farko: zafi, tudu, babbar giya. Da na iya karanta su, da yini ɗaya ya isa.

Ba don in hana kowa zuwa gareji nake wannan bayani ba. Bakanike nagari ya fi ni sanin inji nesa ba kusa ba. Sai dai shi minti 10 yake samu da motarka, galibi ma a tsaye, kai kuwa kullum kana cikinta. In ka je masa da "tana fizga" kawai, dole ya yi ta lalube, kuma kowane lalube daga aljihunka zai fito. In ka je masa da "tana fizga in ta yi zafi, a kan tudu, a babbar giya, tana dainawa in na rage giya", ka riga ka yi masa rabin aikin. Bayanin nan na injin fetur ne. Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi, shi yawanci daga filtar mai da iskar da ta shiga layin mai ake fara nema.

Kafin ka ɗaga bonet, nemi takarda da biro ka ajiye a mota. Kwana uku ko huɗu, duk lokacin da ta yi, in ka tsaya ka rubuta halin da ake ciki. Injin da sanyi ne ko ya yi zafi? A tsaye take tana silo, ko tafiya kake? In tafiya ce, sa'ad da ka taka totur ne, ko sa'ad da ka riƙe ƙafa wuri ɗaya, ko sa'ad da ka ɗaga? An yi ruwa, ko an wanke injin? Mai nawa ya rage a tanki, kuma bayan shan mai ne abin ya fara? Sai tambayar da aka fi mantawa da ita: wane aiki aka yi wa motar daf da fara matsalar? Sau da yawa tiyo ne aka cire ba a mayar ba, ko soket da bai zauna daram ba, ko wayoyin fulogi biyu da aka musanya.

Amsoshin nan su ne za su nuna maka ƙofar da za ka fara ƙwanƙwasawa. Fizga a lokacin da injin ke ɗauke da nauyi, wato tudu, babbar giya, ƙaramin gudu, ta fi karkata ga wuta. Ga dalili. In ka buɗe totur, iska mai yawa takan cika silinda, matsi ya ƙaru, shi kuma tartsatsin fulogi sai ya buƙaci ƙarfin wuta fiye da na da kafin ya tsallake giɓinsa. Lantarki kuwa hanya mafi sauƙi yake bi. In akwai tsaga a waya ko a koyil, wato abin da ke ƙara wa wutar fulogi ƙarfi, ta nan zai zille ya shige jikin inji, silindar ta wuce ba ta ƙona komai ba. Wannan ratar ita ce fizgar da kake ji a bayanka. Motar da take rawa a silo amma ta daidaita da zarar ka ba ta wuta, ita kuma ta fi karkata ga iskar da ke satar shiga ta wata kafa, ko bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, da ya maƙale a buɗe, ko silinda mai rauni. Wadda take lafiya a ƙaramin gudu amma ta shaƙe in ka miƙe a babban titi, kamar an riƙe ta ta baya, yunwar mai ce ko toshewar salansa. Wadda ba ta yi sai da asuba ko ranar ruwa, danshi ne ya samu hanya a kayan wuta. Wadda kuma take fizga in ta yi zafi har ta mutu, ta ƙi tashi sai ta huce, a duba koyil da sensar kiranshaf, wadda ke faɗa wa kwamfuta juyin inji.

Amma tukuna, ka tabbatar injin ne. Na ga motar da aka canza wa fulogi sau biyu alhali robobin da injin ke zaune a kai ne suka fashe. In robobin nan sun mutu, injin lafiyayye ma zai girgiza maka sitiyari da kujera, kuma za ka ji wani dum in ka sa giya ko ka ɗaga ƙafa. Dubi allurar da ke nuna juyin inji: in tana tsaye cak a tsakanin 600 da 900 amma jikin mota na karkarwa, zargi robobi. In karkarwar ba ta zuwa sai lokacin da kake sakin kuloci don tashi, kuloci ne. A mota mai giyar otomatik akwai wata karkarwa da ke zuwa a matsakaicin gudu, kamar ka hau titi mai ƙananan kunya-kunya. In tana cikin yi, kada ka ɗaga ƙafa daga totur, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu yadda wutar birki za ta kama kawai. In ta ɗauke nan take, akwai yiwuwar daga giya take, domin taɓa birki yakan sa kulocin cikin konbata, wato sashen da ke haɗa inji da giyar, ya saki. Karkarwar da ke bin gudun mota ko da ka fitar da giya kuwa, ta taya ce ko shaf.

To, mu ce ka tabbatar injin ne. Kowace silinda abu huɗu take nema: iska, mai, matsi, da tartsatsi a daidai lokacinsa. Haɗin da injin fetur ya fi so shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Duk fizgar duniya ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya gaza. Tambayar da ta fi kowace rage wahala ita ce: silinda ɗaya ce ta gaza, ko duka ne suke wahala tare? In ɗaya ce, laifin yana cikin abin da ita kaɗai ta mallaka, wato fuloginta, wayarta ko koyil ɗinta, nozul ɗinta, bawul ɗinta da ringinta. In duka ne, laifin yana cikin abin da suke tarayya a kai: famfon mai, filta, sensar iska, distiributa mai rarraba wa fulogai wuta, taimin (saitin lokacin tartsatsi da bawul), salansa. Da na yi wa kaina wannan tambaya, da ban taɓa famfon mai ba, domin famfo ba ya zaɓar silinda ɗaya ya hana ta mai.

In motarka tana da kwamfuta, fara tambayar ta. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da tsarin OBD-II, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Soket ne mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, ana jona masa ƙaramar na'ura ta karanto lambobi. P0300 na nufin ƙin ƙonewa a silinda daban-daban. P0301 zuwa P0304 suna faɗa maka wace silinda ce, lambar ƙarshe ita ce lambarta. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai, P0172 kuma mai ya rinjayi iska. Ka rubuta lambobin kafin kowa ya goge su. Abin da nake so ka riƙe shi ne, lamba tana faɗin abin da kwamfuta ta gani ne, ba abin da za ka saya ba. In ta ambaci sensar salansa, sau da yawa sensar gaskiya ta faɗa, wani abu ne can gaba ya ɓata haɗin. Sannan ka kula da wutar gargaɗin inji da ke dashbod. In tana kunne tsaye, kana da lokaci. In tana ƙyaftawa, ɗanyen fetur ne ke kwarara cikin salansa, yana iya narkar da katalis, wato matatar hayaƙi da ke cikinta, sai ka rage gudu ka nemi wurin tsayawa.

In babu kwamfuta, ko ta yi shiru, akwai gwajin da aka daɗe ana yi. Bar injin a silo, ka kashe silinda ɗaya bayan ɗaya. In ka kashe lafiyayya, injin zai ƙara rawa, juyinsa ya faɗi. In ka kashe wadda dama ba ta aiki, ba abin da zai canza, ka kama ta ke nan. A mota mai nozul, zare soket ɗin nozul ya fi, ko soket ɗin koyil in kowace silinda da nata. Ba na son a riƙa fizge wayar fulogi da hannu injin na aiki. Wutar da ke cikinta tana haura bolt 20,000, kuma in ba ta sami inda za ta sauka ba tana iya lalata koyil ko modul ɗin da ke sarrafa shi. In dole ne, a yi da filaya mai roba, a daƙiƙa kaɗan, kuma mai ciwon zuciya ya bar wa wani. Ka kuma nisanta hannu da hannun riga daga fanka da belt, fankar lantarki tana tashi da kanta ba sallama.

Da ka kama silindar, kada ka sayi komai tukuna. Musanya. Ɗauki koyil ɗin silinda ta 2 ka kai ta 3, na 3 ka kawo ta 2. In ciwon ya bi koyil ya koma ta 3, shi ne. In ya tsaya a ta 2, musanya fulogi. In har yanzu yana nan, saura nozul da matsi. Wannan dabara ba ta cin ko sisi, kuma ita ce ta fi kowace faɗin gaskiya, domin ka gani da idonka ciwon ya tashi daga nan ya koma can. Sharaɗinta ɗaya ne: abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ka musanya biyu tare, ka ɓata gwajin.

Fulogi kuwa, ina son a tsaya a dube shi da kyau, don shi kaɗai ne ya shiga cikin silinda ya fito. Bari injin ya huce kafin ka kwance, musamman mai kan alminiyam, don kada zaren ramin ya biyo fulogin. Hure ƙurar da ke gefen ramin. Jera su a kan kwali bisa lambar silinda, kada su cakuɗe. Mai launin ƙasa-ƙasa ko toka-toka, a bushe, lafiya ke nan. Baƙi mai kunkunniya a bushe, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa ta ringi ko yana saukowa ta robar bawul. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. Jiƙaƙƙe mai warin fetur, mai na zuwa amma ba a kunna shi. Wanda ya fita tas kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa na da launi, ka yi hattara, ruwan lagireto ne mai yiwuwa ke shiga silindar yana wanke shi da tururi. Abin nema shi ne wanda ya bambanta da sauran. Dubi farin tangaran ɗin kuma: in ka ga siririn baƙin layi a tsaye kamar an ja da fensir, sawun wutar da ke zillewa ne, kuma robar da ke rufe shi ma ta ɗauki sawun, sai a canza su tare. Giɓin bakin fulogi a yawancin motoci yana tsakanin milimita 0.7 da 1.1, amma na motarka yana cikin littafinta ko a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet. In ka tarar ramin fulogi cike da baƙin mai, gasket ɗin murfin bawul ne ke yoyo, kuma man nan yana cinye robar koyil a hankali.

Tawa wayar, da dare na kama ta. Na kai motar wuri mai duhu amma a fili, inda hayaƙi ba zai taru ba, na bar injin ya yi zafi, na ɗauko 'yar kwalbar feshi da ruwa, na fesa kaɗan-kaɗan a kan wayoyin. Da na zo ta uku, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, na ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga ƙasan wayar zuwa wani ƙarfe da take gogawa, injin kuma ya yi tuntuɓe a daidai lokacin. Da na juya ta da safe, ga tsagar nan, ba ta kai tsawon farce ba. Shekaru tana gogar ƙarfen saboda ɗan maƙalin robar da ke riƙe ta ya karye. Zafi yana buɗe tsagar, tudu yana ƙara wa wutar buƙata, shi ya sa sai sun haɗu take yi. In za ka canza wayoyi, cire ɗaya ka sa ɗaya, don kada jerin ya rikice. Yawancin injina masu silinda huɗu a jere suna kunnawa ne 1-3-4-2.

Mai distiributa ya buɗe murfinta ya duba ciki: tsaga, danshi, koren tsatsa a kan ƙarafan, ɗan gawayin tsakiya da ya cinye, da bakin rota da ya ƙone. Kama sandar tsakiya ka girgiza, in tana wasa gefe da gefe, taimin ba zai taɓa zama wuri ɗaya ba. Wadda ta tsufa har tana da kwantak, giɓinsa wajen milimita 0.4 ne a yawancinsu, kuma in fuskarsa ta yi ƙuraje a canza shi tare da kwandensa.

Yanzu iska. Wannan ita ce matsalar da tsufa kaɗai ke kawowa, ko da ana kula da mota, domin roba ba ta shekara 20 a cikin zafi ba ta bushe ba. Duk iskar da ta shiga bayan wurin da ake auna ta, kwamfuta ba ta san da ita ba, ba za ta ba ta nata man ba. A silo iskar da injin ke sha kaɗan ce, don haka ƙaramar kafa ma tana ɓata haɗin. In an ba da wuta, kafar sai ta zama ba komai ba a cikin iskar da ke shiga. Shi ya sa irin wannan mota take rawa a tsaye ta daidaita a tafe. Saurari shiii a kusa da manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska. Bi kowane ƙaramin tiyo da yatsa, ka lanƙwasa shi a bakinsa, nan suka fi tsagewa. Matse su ɗaya bayan ɗaya da filaya, in ka matse wani injin ya daidaita, bi shi ka ga inda ya je. Kada ka manta da tiyon PCV, mai mayar da tururin cikin inji zuwa manifol, da babban tiyon da ke zuwa tukunyar birki. In taka birki a tsaye yana sa injin tuntuɓe tare da ƙarar iska a ƙarƙashin ƙafarka, fatar cikin tukunyar ce ta huje. Wasu suna fesa man wanke kafireta don neman kafa, in juyin ya canza sun samu. Yana aiki, amma a kan injin da wataƙila wutarsa na zillewa, wannan neman gobara ne. Ni ruwa nake fesawa, shi ma yana sa sautin ya canza.

Akwai wata tsaga da ke ɓuya ƙwarai, a cikin lanƙwasar babban tiyon da ke tsakanin akwatin filtar iska da totur. A tsaye a rufe take. Da ka tashi mota, injin ya ɗan karkata a kan robobinsa, sai ya ja tiyon, tsagar ta buɗe, injin ya shaƙe, ya koma mazauninsa, tsagar ta rufe, ya sake ja. Haka za ta yi ta sukuwa da kai a giya ta ɗaya. Sai ka cire tiyon gaba ɗaya ka buɗa kowace lanƙwasa a haske kafin ka gan ta.

In na'urarka tana nuna gyaran da kwamfuta ke yi wa mai, to ka sami babban mataimaki. Lambar da ke cikin kashi 10 bisa 100 sama ko ƙasa ba abin damuwa ba ce. In tana sama sosai a silo, ta sauko in ka riƙe injin a juyi 2,500, kafar iska ce. In a silo lafiya take amma tana hawa yayin da nauyi ke ƙaruwa, mai ne ba ya isa, ko sensar iska ce ta yi datti tana rage lissafi. Wanda ba shi da na'ura, agogon auna zuƙar manifol ya ishe shi. Lafiyayyen inji a silo yakan nuna inci 17 zuwa 21, allura a tsaye, ƙasa da haka kaɗan a wurare masu tsayi. Allurar da ke faɗuwa tana dawowa a kai a kai, bawul ne ba ya rufewa. Wadda ke zamewa ƙasa a hankali in ka riƙe wuta, salansa ce ta toshe.

Ɓangaren mai, fara da mai arha. Yaushe rabon a canza filta? Murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, ka saurari famfo a tanki, ya kamata ya yi gurnani kamar daƙiƙa biyu ya tsaya. Amma gurnani ba shaida ba ce, agogon auna matsi ne shaida. Yawancin tsofaffin motoci masu nozul suna aiki ne a matsin kusan bar 3, wato wajen psi 40 zuwa 45, kuma abin dubawa shi ne ko matsin yana faɗuwa in an ba da wuta. Zare ƙaramin tiyon da ke kan regileta mai daidaita matsin mai, in ka ga fetur a ciki, fatarsa ta fashe, injin yana shan mai ta bayan gida. In matsalar ta fara ne bayan shan mai, zuba kaɗan a kwalbar gilashi ka bar shi ya kwanta, ruwa zai taru a ƙasa da iyakarsa a fili. In tana yi ne kawai idan tanki ya kusa ƙarewa ko a kan kwana, famfo ne ke zuƙar iska ko ragarsa ta toshe. Nozul kuwa, ɗora bakin doguwar sukundireba a jikinsa, ka sa kunne a mariƙin, za ka ji tik-tik-tik daidai wa daida. Wanda ya yi shiru, a auna shi da mita, yawancinsu om 12 zuwa 16 ne, kuma ya kamata su yi kusa da juna. Kafin ka kwance kowane layin mai, cire fis ɗin famfo ka bar injin ya mutu da kansa, kuma ba taba ba wuta a kusa.

Mai kafireta, leƙa maƙogwaronta injin a kashe, ka motsa totur da hannu. Ya kamata ka ga mai ya tsarto. In bai tsarto ba, shi ya sa take yin shiru na ɗan lokaci in ka taka kafin ta zabura. Duba ko cok, murfin da ke rage iska in injin da sanyi, yana buɗewa gaba ɗaya bayan zafi. Roƙona ɗaya, kada a taɓa sukurorin daidaita ta sai an gama da wuta da iska. An ɓata kafireta da yawa da ba su yi laifin komai ba.

Sensa ita nake barin ta ƙarshe, ko da yake ita aka fi saurin zargi. Sensar iska a wanke ta da man da aka yi dominta, kada a taɓa siririyar wayarta da komai. Bakin totur da bawul ɗin silo a goge baƙin da ya taru. Sensar totur takan cinye a daidai wurin da ƙafa ta fi zama, sai mota ta riƙa fizga a gudu guda kullum. Sensar zafin ruwa in ta yi ƙarya cewa injin da sanyi, mai zai yi ta kwarara, ga baƙin hayaƙi. Kafin ka sayi ko ɗaya, girgiza soket ɗinta da wayoyinta injin na aiki, ka kuma duba kan batir da wayar da ta haɗa inji da bodi. Batir a kashe wajen bolt 12.6 yake nunawa, injin na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. Wuta mai hawa da sauka tana rikita kwamfuta, ta sa ka zargi sensar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

In silinda ɗaya ta ƙi gyaruwa bayan an musanya mata koyil, fulogi da nozul, sai awon matsi. A gaskiya, a motar da ta yi nisa irin tawa, gara a yi shi da wuri, tun fulogan suna waje, don ka san ko injin ya cancanci abin da za ka kashe masa. Injin da ɗumi, a cire fulogai duka, a kashe mai da wuta, a taka totur har ƙasa, a juya kowace silinda sau biyar ko shida. Yawancin lafiyayyun injina suna ba da psi 150 zuwa 180, amma daidaito ya fi lambar muhimmanci: kada mafi ƙasa ta gaza mafi sama da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. In ɗaya ta faɗi, zuba mata ƙaramin cokali na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. In ta tashi sosai, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Biyu maƙwabtan juna da suka faɗi tare, gasket ɗin kan silinda ne ya ƙone a tsakaninsu. In ga farin hayaƙi mai kauri, ruwan lagireto na raguwa ba yoyo a waje, to magana ta ƙare. Duka huɗun kuma in sun faɗi daidai, a duba alamomin taimin kafin a yanke wa injin hukunci, belt ko sarƙa na iya tsallake haƙori. Kafin a sauke kan silinda saboda bawul, a tambaya ko injin irin wanda ake daidaita wa giɓin bawul da hannu ne. Bawul ɗin da giɓinsa ya matse ba ya rufewa sarai, kuma in an kama shi da wuri, daidaitawa kawai yake so, in an bar shi ne yake ƙonewa.

Bayan gyara, goge lambobin, ka ɗauko takardar nan ta farko, ka mayar da motar cikin ainihin halin da take yi. Ni na jira injin ya yi zafi, na koma tudun nan a giya ta huɗu, na taka, ta haye sumul. Na sake hawa sau biyu kafin na yarda. Sauran wayoyin uku ma na canza su, tunda sa'o'in juna ne, na sa sabon maƙali don kada sabuwar ta koma gogar ƙarfen. Sannan na zaro sandar awon baƙin mai na shinshina, sai warin fetur. Wata biyu silinda ta uku tana wanke bangonta da ɗanyen mai yana gangarawa ƙasa, ya tsinka baƙin man. Washegari na juye shi na sa sabo tare da filtarsa, ko da yake lokacin canjinsa bai yi ba.